Yadda id Software suka farfaɗo da DOOM a 2016 bayan sun kusa maida shi Call of Duty

Wajen shekarar 2011 kamfanin id Software da ke jihar Texas a Amurka suna riƙe da wani gem da suka kwashe kusan shekara uku suna ginawa, sunansa Doom 4, an zuba kuɗi an zuba lokaci an zana birane an haɗa sojoji da dodanni, amma da manyan kamfanin suka zauna suka dube shi da kyau sai suka ga abin nan komai yana da shi sai dai ba Doom bane. Tattara shi aka yi aka ajiye gefe aka koma tun daga farko. Abin da ya fito daga wannan komawar shi ne DOOM ɗin da aka saki ranar 13 ga Mayu 2016, wanda har yau in ana maganar dawo da tsohon gem na harbi don 'yan zamani shi ake fara kawowa misali.

Sai mutum ya san na asalin kafin ya gane girman matsalar. Doom na farko ya fito ne ranar 10 ga Disamba 1993, 'yan mutane ƙalilan suka yi shi, John Carmack ya rubuta injin, wato manhajar da ke tafiyar da gem ɗin, John Romero da Sandy Petersen suka zana matakan, Adrian Carmack da Kevin Cloud suka yi zanen dodannin. Kashi na farko kyauta suka sake shi, ka kwafa ka ba wanda ka ga dama, in ya maka daɗi ka biya kuɗin sauran. Wasan kansa ba wani dogon turanci, kai soja ne a sansanin kamfanin UAC a watannin duniyar Mars, ƙofar jahannama ta buɗe, shaiɗanu sun cika wuri, ga bindiga. Gudu kake kamar an biyo ka, duk bindigogin da ka tsinta kana ɗauke da su gaba ɗaya, babu tsayawa canza ƙwanson harsashi, in ranka ya yi ƙasa sai ka nemi akwatin magani a ƙasa, kana yawo cikin lunguna kana neman katin ƙofa ja ko shuɗi ko rawaya. Ko tsalle ba ka iya yi, ko ɗaga kai ka kalli sama. Doom II ya biyo baya a 1994 da bindiga mai baki biyu, a 1997 kuma Carmack ya saki rubutun injin ga kowa, shi ya sa har gobe ake ganin mutane suna kunna Doom a kan firinta da kalkuleta da na'urar cirar kuɗi.

To amma kasuwa ba ta tsaya jiransu ba. Halo ya fito a 2001 ya nuna cewa za a iya buga gem na harbi da pad, wato abin sarrafa wasa na hannu, a kan na'urar Xbox ya yi daɗi, da sharaɗin a rage gudu, bindiga biyu kacal zaka riƙe, garkuwarka kuma tana cika da kanta in ka ɗan fake. Call of Duty 2 a 2005 ya sa rai gaba ɗaya yana dawowa da kansa, Gears of War a 2006 ya maida laɓewa bayan katanga shi ne wasan, Modern Warfare na 2007 kuma ya zo ya kwashe kasuwar duka. Duk wanda ya saba da Call of Duty ko a waya ne ya san tsarin, ka leƙo ka yi harbi ka koma ka jira jan da ke fuskar allo ya washe ka sake leƙowa, kamar ɓera a bakin rami. Ba wai tsarin ba shi da daɗi bane fa, yana da nasa, amma kishiyar Doom ne kai tsaye.

Su kansu id sun riga sun kauce hanya tun a Doom 3 na 2004, wanda suka maida shi gem na ban tsoro, duhu ko'ina, tafiya a hankali, ga wata fitilar hannu da ba ka isa ka riƙe ta tare da bindiga ba, sai dai ka zaɓa ko ka ga abin da zai kashe ka ko ka harbe shi cikin duhu. Ya yi kasuwa sosai kam, ba wanda zai musa, amma tsofaffin 'yan wasa sun yi ta ƙorafi.

A watan Mayu 2008 aka sanar da Doom 4. Wannan karon a doron ƙasa labarin yake, shaiɗanu sun mamaye birane, kai kuma kana cikin 'yan gwagwarmaya kuna tafiya tare kuna hira, akwai wuraren da gem ɗin zai ƙwace maka pad ya nuna maka fim, akwai laɓewa, akwai dogon labari. Har laƙabi aka yi masa, Call of Doom, kuma ba yabo bane. Ana cikin haka a 2009 kamfanin ZeniMax, mai kamfanin fitar da gem na Bethesda, ya saye id, sannan Rage, ɗaya gem ɗin da suka daɗe suna yi, ya fito a Oktoba 2011 bai yi tashen da aka zata ba. Sai a Afrilu 2013 da jaridar Kotaku ta fasa ƙwai duniya ta ji cewa Doom 4 ɗin da ake ta jira an rushe shi tuni, Bethesda ma suka tabbatar. Shugaban situdiyon na lokacin Tim Willits ya fito ya amsa cewa gem ɗin ba shi da ruhi, bai san ko shi wane ne ba. Kafin shekarar ta ƙare kuma John Carmack ya tattara ya koma kamfanin Oculus, kenan cikin mutum huɗun da suka kafa id babu ko ɗaya da ya rage, Tom Hall ya bar su tun 1993, Romero 1996, Adrian Carmack 2005.

Ga kuma misali na tsoro a gabansu. Duke Nukem Forever da aka sanar tun 1997 ya fito a Yuni 2011 bayan shekara 14, ya ɗauko barkwancin 1996 ya haɗa da bindiga biyu da rai mai dawowa da kansa irin na Halo, wato ya ɗauki abin da ya tsufa a tsohon ya haɗa da abin da ya ishi mutane a sabon, aka yi masa ca. Don haka tambayar da ke gaban Marty Stratton da ya jagoranci sabon aikin, da Hugo Martin da ya zo daga harkar zanen finafinai ya zama mai kula da ɓangaren ƙirƙira, ba "mu koma tsoho ko mu bi zamani" bace kawai, Duke ya nuna ana iya yin biyun duka a faɗi.

Anan ne a ganina suka yi abin da ya fi komai, kuma ƙaramin abu ne in ka ji shi a baki. Sun tambayi kansu, in ɗan wasa ya kusa mutuwa ina zai je ya samu rai? A Call of Duty amsar ita ce bayan katanga. A Doom na 1993 amsar ita ce ka koma baya ka nemi akwatin maganin da ka wuce ɗazu. Duka biyun baya suke tura ka. Su kuma sai suka saka ran a cikin jikin abokin gaba. Ka harbi dodo har ya galabaita sai ya tsaya yana tangaɗi yana walƙiya da shuɗi, in ka matso kusa ya koma ruwan lemo, ka danna maɓalli ɗaya jarumin ya cafke shi ya gama da shi da hannu cikin ƙiftawar ido, rai ya zubo ƙasa ka kwashe. Wannan shi suka kira Glory Kill. Harsashi ya ƙare? Ɗauko zarton inji ka tsaga wani dodon gida biyu harsasai su tarwatso, amma man zarton kaɗan ne kuma iya girman dodo iya man da zai sha, to kai zaka yanke shawara ko ka kashe man duka a kan ƙaton da ya dame ka ko ka lallaɓa shi a kan ƙanana. Sakamakon shi ne lokacin da kake dab da mutuwa, lokacin da duk wani gem na shekara goma da suka wuce ya koya maka ka gudu ka ɓuya, shi ne lokacin da Doom ke cewa ka ruga cikin tsakiyarsu. Kuma abin dariyar, asalin wannan kisan hannun daga gawar Doom 4 aka tsinto shi, akwai wani tsarin dambe na kusa da kusa da suka yi a can, shi aka ɗauko aka gajarta aka ƙara masa sauri.

Sauran dokokin duk wannan suke yi wa hidima. An cire canza ƙwanso, don duk daƙiƙar da ka tsaya kana ɗura bindiga daƙiƙa ce da zaka so ka fake. Bindigogi duka suna jikinka, ka juya daga mai baki biyu zuwa roka zuwa plasma ba tare da ka ajiye wata ba. Dodannin ma an tsara su ne su taya ka yin abin da ake so, masu zanen sun yi bayani a taron masu haɗa gem na GDC a 2018 cewa in kana motsi harbin dodanni ya fi kuskure maka, in ka tsaya wuri ɗaya ne suke samunka, kuma akwai iyaka ga yawan waɗanda za su kawo maka babban hari a lokaci guda, sauran jiran layi suke ko da yake kai gani kake kamar duk sun rufar maka. Kowane dodo kuma tambaya ce daban. Imp yana hawa bango yana jifa da wuta daga nesa, Pinky gabansa sulke ne sai ka kauce ya wuce ka harbi bayansa, Hell Knight ba ya barinka ka huta bin ka yake yana dira a kanka, Summoner in ba ka kashe shi da wuri ba zai yi ta kiran wasu. Da ganin siffar dodo daga nesa ka san wace bindiga zaka ɗauko, kuma wannan kai tsaye daga 1993 aka gado shi.

Amma fa duk mai cewa DOOM 2016 kwafin na 1993 ne bai buga ɗaya daga ciki da kyau ba. A sabon kana tsalle, kana tsalle biyu a iska, kana kama bakin gini ka haye, kana ƙara wa bindigogi kayan aiki, kana inganta sulkenka, duk abubuwan zamani ne. Tsarin faɗan ma daban ne, ka shiga babban fili ƙofofi su kulle, dodanni su yi ta ɓullowa rukuni rukuni sai ka gama da su a buɗe maka, wannan ya fi kama da filayen Quake III, wani gem ɗin id, fiye da lungunan tsohon Doom. In gaskiya za a faɗa ma, a tsohon Doom dabarar da ta fi aiki sau da yawa ita ce ka buɗe ƙofa ka ja da baya ka tsaya a lungu kana ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Abin da id suka dawo da shi ba ainihin wasan 1993 bane, yadda mutane ke tuna shi ne, gudu da ƙarfi da rashin tsoro, sai suka ƙera sabbin dokoki da za su tilasta maka jin hakan ko da pad kake bugawa a falo.

Labarin ma sun yi masa wayo. Minti na farko ka farka ɗaure a kan wani akwatin dutse, ka tsinke sarƙa ka fasa kan dodo ka ɗauki ƙaramar bindiga, ba gaisuwa ba gabatarwa. Can shugaban UAC Samuel Hayden ya fara maka bayani ta wani allo cewa ku haɗa kai, jarumin ya sa hannu ya ture allon gefe ya yi gaba. A cikin lif Hayden yana cewa duk abin da suka yi na haƙo makamashi daga jahannama don amfanin bil'adama ne, jarumin ya kalli gawar wani ma'aikaci a ƙasa, ya murza yatsu, ya naushi na'urar. Ko kalma ɗaya bai furta ba amma ka gama sanin halinsa, kuma ka gane cewa gem ɗin ya san kai ma ba sauraron lacca ka zo yi ba. Mai son labari an ajiye masa shi a rubuce cikin kundin gem ɗin, ya karanta labarin muguwar gem ɗin Olivia Pierce da makamashin Argent da ake haƙowa daga jahannama har ya gaji. Duk da haka akwai wuri ɗaya ko biyu da suka kulle ka a ofis Hayden yana ta zuba ba halin tsallakewa, wanda ya saɓa wa abin da su da kansu suka fara da shi.

Kiɗa kuwa Mick Gordon ne ɗan Ostireliya ya yi, kuma da farko ce masa aka yi kada ya sa gita, ana tsoron kada abin ya zama abin dariya irin na da. Sai ya fara da sautin lantarki zalla yana bi da shi ta cikin jerin na'urori har ya dagule ya yi ƙara, daga baya a hankali gitar ta shigo, har da mai tsirkiya tara, har da ƙarar zarton inji a cakuɗe a ciki. Kiɗan yana bin abin da kake yi, faɗa ya yi zafi ya tashi, ka gama ya lafa. Ta ɓangaren inji kuma Tiago Sousa da ya zo daga kamfanin Crytek a 2014 ya jagoranci ɓangaren zane na sabon injinsu id Tech 6, suka nace sai hoto 60 a daƙiƙa ko a kan PS4 da Xbox One, don gem mai wannan gudun in yana sarƙewa ya mutu.

Abin mamaki shi ne kafin fitowarsa kusan duk alamu na faɗuwa ne. An fara nuna shi a QuakeCon na 2014, taron shekara-shekara na masoya gem ɗin id, ga waɗanda ke cikin zauren kawai ba a yarda a ɗauki bidiyo ba, aka nuna wa duniya a babban baje kolin gem na E3 na 2015 wasu suka ce ya yi sanyi kuma launinsa ya yi dishi-dishi. Hoton bangon kwalin ma soja ne tsaye riƙe da bindiga irin wanda zaka gani a kan kowane gem, aka yi ta masa ba'a har Bethesda suka sa ƙuri'a a Twitter aka zaɓi wani hoton na bayan takardar mai kama da na 1993. Sannan a Afrilu 2016 aka buɗe gwajin ɓangaren wasa da mutane ta intanet, wanda aka yi da taimakon kamfanin Certain Affinity, mutane suka shiga suka tarar bindiga biyu zaka zaɓa kafin a fara, ga hawa matsayi ga buɗe kaya, aka cika Steam, kasuwar sayar da gem ta intanet, da ƙorafi. Da Bethesda suka ƙi ba 'yan jarida gem ɗin kafin ranar fitowa sai kowa ya ce shikenan, sun san ba kyau.

Ranar da ya fito sai labari ya sha bamban, mutane suka buga ɓangaren mutum ɗaya suka fara kiran abokai, baki da baki ya tallata shi. A bikin The Game Awards na ƙarshen 2016 ya ci kyautar gem na faɗa mafi kyau da ta kiɗa da sauti, a Nuwamba 2017 kuma kamfanin Panic Button suka matse shi ya shiga Nintendo Switch.

Ɓangaren intanet ɗin dai bai tashi ba, kuma ni a wajena shi ne hujja mafi ƙarfi a duk wannan lamarin, don gem ɗaya ne, inji ɗaya, shekara ɗaya, ɓangaren da ya tsaya ya tambayi me ke sa Doom ya zama Doom ya yi suna, ɓangaren da ya leƙa abin da Halo da Call of Duty ke yi ya kwafa an manta da shi. Sun yi ta gyara, a Yuli 2017 ma suka maida duk ƙarin kayan da ake saya na wannan ɓangaren kyauta, amma jama'a sun riga sun watse. SnapMap da aka bayar don mutane su haɗa nasu matakan shi ma bai maye gurbin 'yancin da aka saba da shi ba, al'ummar da ta shekara ashirin tana farke Doom tana ɗinkewa yadda ta ga dama sai aka miƙa mata ɗakuna shiryayyu aka ce ta jera. Ko ɓangaren mutum ɗayan ba a ce ba shi da aibu ba, kashi na ƙarshe fili ne bayan fili, ka shiga a kulle ka kashe a buɗe, kuma da ka inganta bindiga mai baki biyu da bindigar Gauss sai ka ga ba ka buƙatar sauran.

Wannan aibun na ƙarshe shi Doom Eternal ya zo gyarawa a ranar 20 ga Maris 2020. An rage harsashin da kake iya ɗauka sosai don dole ka riƙa komawa ga zarto, an ƙara abin fesa wuta a kafaɗa da ke sa dodanni zubar da sulke, an ba manyan dodanni wuraren rauni da kowanne ke son irin bindigarsa, ga wani dodo Marauder da ba ya harbuwa sai idonsa ya yi kore. Wasu suna ganin shi ne ƙololuwa, wasu kuma suka ce an maida wasa jarrabawa. A ɓangaren intanet ba su sake kwafar kowa ba, suka yi Battlemode, mutum ɗaya jarumi mutum biyu dodanni. A kan kundin kiɗan Eternal ne kuma Mick Gordon da shugabannin id suka ɓata, kowane ɓangare ya fitar da nasa bayanin a fili, Stratton a 2020 Gordon a 2022, ba su sake aiki tare ba.

Tasirin ya wuce id. Wolfenstein: The New Order na MachineGames ya riga ya share hanya a 2014, amma bayan 2016 ne ƙananan kamfanoni suka ga akwai masu sayen gem mai gudu marar laɓewa, Dusk ya fito a 2018, Amid Evil da Ion Fury a 2019, Ultrakill a 2020 wanda shi ma jinin abokin gaba ne ke cika maka rai in kana kusa. Microsoft suka kammala sayen ZeniMax a Maris 2021 kan dala biliyan 7.5, Doom na cikin kayan da suka biya wa.

Na baya-bayan nan shi ne Doom: The Dark Ages na 15 ga Mayu 2025, inda aka sake juya tsarin, aka rage tsalle-tsalle aka ba jarumin garkuwa mai haƙoran zarto yana tare hari yana maida wa mai shi, ka tsaya ka yi faɗa maimakon ka yi ta shawagi. Dabarar tura ɗan wasa gaba tana nan ba ta canza ba. Abin da ni dai nake ƙorafi a kai tun daga Eternal shi ne labarin da ya yi ta kumbura, sarakuna da tsofaffin dauloli da finafinan tsakiyar wasa masu tsawo, har a Dark Ages ana zaunar da kai kana kallon mutane suna shawara a fada, kuma yanzu babu allon da zaka ture sai dai ka danna maɓallin tsallakewa.